Na goge laftof ɗin Kawu da niyyar gyara, yanzu ko sunan Linux ba ya son ji

Assalamu alaikum, Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 24, haifaffen Khartoum. Ina tsaka da karatun kwamfuta a jami'a yaƙi ya ɓarke a 2023, muka baro gida muka dawo Gadarif wurin kawuna, yayan mahaifiyata, mai harkar riɗi da dawa. Shi ya riƙe mu, shi ya buɗe mana shago ni da ɗansa kusa da kasuwa, muna buga takardu, muna kwafi, muna hoton fasfo. Kwamfutoci uku ne a shagon, duk tsofaffi, biyu Windows 10, ɗaya Windows 7, kuma babu mai lasisin gaskiya a cikinsu. Da wuya wata ya ƙare bairos ɗin filashi bai kwantar mana da ɗaya ba. Ni kuwa shekara biyu ke nan ina amfani da Linux Mint, wata manhajar tafiyar da kwamfuta ta kyauta da ake sawa a madadin Windows, a tawa lafiya lau.

Sati uku da suka wuce Kawu ya ba ni laftof ɗinsa ya ce ta yi nauyi, in duba masa. Ban tambaye shi ba na sa mata Linux, garin sauri na zaɓi a share rumbun ajiyarta gaba ɗaya. Lissafinsa na kaka uku ya tafi, da sunayen waɗanda yake bi bashi, da hotunan kakata marigayiya. Bai zage ni ba. “Allah ya kyauta” kawai ya ce, ya rufe ta ya sa a durowa. Tun ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ya ce kada in kuskura in sa wa kwamfutocin shago “wannan abin na kyauta”, don shi bai taɓa ganin abin kirki da ake rabawa kyauta ba. Taubashina ma ba ya so, wai zai rasa Word da Photoshop. Mahaifiyata ta ce in kama bakina, a gidan mutane muke. Ni kuma na san ina da gaskiya, kuma raina bai kwanta da neman abinci da manhajar sata ba. Har na fara tunanin barin shagon in tafi Port Sudan. Don Allah a ba ni shawara.

Ɗanku daga Gadarif

Wa alaikumus salam, ɗana. Sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma wurin da ya tsaya mini a rai shi ne inda Kawu ya rufe laftof ya sa a durowa. Dattijon da ya yi asarar lissafin kaka uku da hotunan mahaifiyarsa, ya buɗe baki bai ce komai ba sai Allah ya kyauta, ransa ya ɓaci ƙwarai, ya haɗiye ne saboda kai ɗan ƙanwarsa ne kuma kana ƙarƙashin inuwarsa. Da faɗa ya yi maka, da tuni an wuce wurin. Wannan shirun nasa shi za mu fara dubawa, maganar shago ta biyo baya.

Amma kafin komai akwai abin gaggawa, kuma a nan durowar Kawu ta yi maka rana. Kada kowa ya kunna laftof ɗin nan. Idan aka share rumbu aka sa sabuwar manhaja, abin da aka taka da gaske shi ne wurin da sabuwar ta zauna, sauran fayilolin suna nan kwance, alamar da ke nuna inda suke ce ta ɓace. Duk kunnawar da aka yi, duk abin da aka sauke, ƙara taka su ake yi. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna PhotoRec, wadda ke zuwa tare da TestDisk, aikinta ke nan: ta bi rumbu lungu-lungu ta tsinto hotuna da takardun Excel da Word. Za ka tayar da laftof ɗin daga filashi, ka sa PhotoRec ta riƙa zuba abin da ta tsinto a wani rumbu na waje, kada ko fayil ɗaya ya sauka a rumbun da ake ceto. Za su fito babu sunayensu na asali, dubbai a cakuɗe, sai ka zauna ka tsince su kamar mai tsintar tsakuwa a riɗi. Idan rumbun irin na da ne mai juyawa, akwai kyakkyawan fata. Idan SSD ne, wato sabon irin da ba ya juyawa, fatan ya ragu sosai, don shi yakan goge wurin da aka ce masa babu kowa. Saboda haka kada ka yi wa Kawu alkawarin komai zai dawo. Ka ce masa za ka gwada, a gabansa, in ya yarda.

Wannan yardar kuwa ba za ta samu ba sai ka ba shi haƙuri na gaskiya. A wasiƙarka ka ce ka san kana da gaskiya. A kan wace manhaja ta fi dacewa da tsofaffin kwamfutoci, e, kana da ita, zan kuma zo kanta. A kan laftof ɗin Kawu ba ka da ita ko kaɗan. Amana ya ba ka ya ce duba, kai kuma ka sauya ba ka tambaya ba, ba ka kwafe kayansa gefe ba, kuma manhajar ta gargaɗe ka cewa za a share komai ka danna ka wuce. Ka sami lokacin da ya natsu, bayan sallar isha ko bayan ya sha shayin safe, ka durƙusa ka ce, “Kawu, na yi maka ɓarna, laifina ne ni kaɗai, ka yafe mini.” Kada kalmar Linux ta fito daga bakinka a wannan zama, kada ka ce ai da ma kwamfutar ta tsufa. Idan nauyinsa ya hana ka, ka roƙi mahaifiyarka ta shige maka gaba, ƙanwarsa ce, ta san ƙofar shiga zuciyarsa fiye da kai.

Ka ambaci hotunan Kaka da bakinka. Ina kyautata zaton su suka fi yi masa ciwo, ko da bai faɗa ba. Bashi ana iya sake tattaro shi, fuskar uwa kuwa in ta ɓace ta ɓace. Tun yau ka bi 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya, na Wad Madani, na Mai Wurno, na Saudiyya, duk wanda aka taɓa tura wa hotonta ta WhatsApp ya turo maka. Kana da firinta a shago. Ka wanke mafi kyau a ciki, ka sa a firam, ka kai masa. Lissafin ma haka: tarihin kuɗin da suka shiga suka fita ta Bankak, manhajar banki ta waya, yana nan, rasit-rasit na takarda suna nan, dillalai da manoman da yake hulɗa da su suna da nasu ƙwaƙwalwar da nasu littafin. Ka ɗauki biro da littafi ka bi shi kasuwa, ku sake gina lissafin tare, ka rubuta a takarda sannan ka shigar a kwamfuta, ka ajiye kwafi biyu a wurare daban. Zaman da za ku yi kuna wannan aiki zai gyara tsakaninku fiye da duk wata hujja da za ka kawo.

To, mu dawo kan shago. Damuwarka tana kan hanya, kuma ina so ka riƙe dalilanka da kyau don ranar da za a saurare ka. Microsoft ta daina tura wa Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairun 2020, ta daina wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Ma'ana duk ɓarakar da aka gano bayan nan a buɗe take zama. Windows 11 kuma tana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da injin da bai tsufa ba, a ɓangaren Intel galibi daga zubi na 8 zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a 2017. Kwamfutocinku da ka kwatanta da wuya su cika wannan sharaɗi. Zaɓi ya zama uku: ku ci gaba da zama a gidan da babu ƙyaure, ko ku sayi sababbi uku a wannan tsadar da kai ma ka san yadda fam ɗin Sudan ya koma, ko ku sa musu manhajar da ba ta raina tsohon ƙarfe. Linux Mint tana tashi da RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, giga 2, ta fi sakewa da giga 4, wurin zama kuma giga 20 ya ishe ta. Nau'inta na Xfce shi ya fi sauƙi, shi nake ba da shawara ga waccan mai Windows 7. Jerin Mint 22 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029, ba tare da an biya ko sisi ba.

Bairos ɗin filashin nan da ke kwantar muku da aiki na san shi sarai. Ɗalibi ya zo da filashi zai buga takardar neman aiki, ka soka, ka ga duk foldojinsa sun ɓace sun bar wasu gumaka na ƙarya, ka danna ɗaya, shi ke nan ya shiga kwamfutarka, duk filashin da ya biyo baya ya kwasa ya kai gida. An rubuta shi ne don Windows. A Linux ba ya iya tashi, za ka gan shi zaune a fili kamar kowane fayil, ka ga foldojin da ya ɓoye, ka goge shi ka miƙa wa mai filashi kayansa. Ban ce Linux ba ta da nata haɗarin ba, kuma idan ba ka goge shi ba zai bi filashin ya kama wata kwamfutar. Amma ga shagon da filashi talatin ke ratsawa a yini, wannan kaɗai ya isa dalili.

Akwai kuma abin da ku mutanen Sudan kuka fi kowa sani. A Fabrairun 2024 layukan waya da intanet sun ɗauke a kusan faɗin ƙasar. Manhajar da ba ta neman a kunna mata lasisi ta intanet, wadda sau ɗaya za ka sauke ta, kimanin giga 3, ka zuba a filashi ka sa wa kwamfuta goma ko ɗari, kuma ta zo da kayan rubutu da na lissafi a cikinta, dukiya ce a irin wannan hali. Tana rubuta Larabci daga dama zuwa hagu ba gargada. Har allon rubutun Hausa akwai a ciki, mai ɓ da ɗ da ƙ, ga duk wanda ya zo buga wa'azi ko katin ɗaurin aure da harshenmu.

Maganar manhajar sata kuwa, na ji daɗi da zuciyarka ta motsa a kanta, kada ka bari ta mutu. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, wadda cibiyarta ke Jidda, ta yanke a zamanta na Kuwait a 1988 cewa haƙƙin ƙirƙira da na wallafa haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. Sai dai ina roƙonka kada ka ɗauki wannan ka je ka tsaya a gaban Kawu kamar mai yi masa wa'azi. Ka tuna daga 1997 zuwa 2017 Sudan tana ƙarƙashin takunkumin Amurka, shekara ashirin mutum ko yana da kuɗinsa sayen lasisin gaskiya wahala ne. Mutanen zamaninsa sun tashi sun ga kowa a kasuwa haka yake sa Windows, yawancinsu ba su ma san ana sayenta ba. Bai zauna ya ƙudura cin haƙƙin kowa ba. In ka nuna masa akwai hanyar da babu shubuha kuma babu kuɗi, mutum ne mai salla, da kansa zai karkata.

Tambayarsa kuma tambaya ce ta ɗan kasuwa mai hankali, ta cancanci amsa mai kyau. Wa zai yi wahala ya ba da kyauta, me yake ci? Ka ba shi amsa da abin da ya sani. Akwai irin shuka da manomi zai shuka, ya girbe, ya ware na baɗi, ya ba maƙwabcinsa, wani ya zaɓi mafi kyau ya inganta, kowa ya amfana. Akwai kuma irin da duk shekara sai ka koma wurin kamfani ka saya. Linux irin farko ce. Wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya fara wannan tafiya a 1983 da aikin da ya kira GNU, bisa sharaɗin cewa kowa yana da 'yancin amfani da manhaja, da duba yadda aka ƙera ta, da gyara ta, da raba ta. A 1991 wani ɗalibi a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar manhajar yana ɗan shekara 21, ya sake ta ga duniya. Masu cin abinci da ita suna ci ne ta hanyar hidima, kamar yadda mai gyaran tarakta ke ci ba tare da ya mallaki gonar ba. Kamfanin IBM ya sayi Red Hat, kamfanin da sana'arsa ke nan a harkar Linux, a kan dala biliyan 34 a 2019. Kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya duk Linux suke amfani da ita tun 2017. Wayar Android da ke aljihun Kawu, wadda yake tura kuɗin riɗi da ita, a kan zuciyar Linux aka gina ta. Ya daɗe yana amfani da abin kyautar nan bai sani ba.

Taubashinka kuma kada ka ɗauke shi maƙiyin ci gaba. Hannunsa ya saba da Word da Photoshop, da su yake sallamar mutum cikin minti biyar, yana tsoron ranar da layi zai taru shi kuma yana laluben inda aka ɓoye maɓalli. Tsoronsa yana da tushe. Word da Photoshop ba sa aiki kai tsaye a Linux. LibreOffice, kayan ofis na kyauta da ke zuwa tare da Mint, tana buɗe takardun Word da Excel tana kuma adana su, amma takardar da aka ƙawata da tebura da yawa takan ɗan goce. Matsalar da za ku fi gamuwa da ita ita ce ta zanen haruffa: takardar da aka rubuta da Traditional Arabic ko Simplified Arabic, waɗanda na Windows ne, in ta zo inda babu su sai layuka su motsa, shafi ɗaya ya zama ɗaya da rabi. Akwai kyawawan haruffan Larabci na kyauta irin Amiri da Noto Naskh don aikin da ku za ku rubuta, wanda kuma ya zo da tasa takardar a gama, ku saba masa da kawo ta a PDF. GIMP, takwarar Photoshop ta kyauta, tana yin hoton fasfo tsaf, ta yanke, ta sauya bango, ta jera a takarda, sai dai sai an zauna an koye ta, kuma daban ake sauke ta. Birnin Munich na Jamus ya shafe shekaru yana mayar da kwamfutocin ma'aikatansa kan Linux, a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, kuma ƙorafin masu aiki da na'urorin yana cikin abin da aka yi ta ambata. A ƙasar dai, jihar Schleswig-Holstein ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux, daki-daki, kayan ofis tukuna sannan babbar manhajar. Wannan tsarin nake so ka ara.

Ka fara da abin da ba ya buƙatar share komai. LibreOffice da GIMP duk suna aiki a Windows, in Kawu ya ba da izini ka sa su gefe da gefe da waɗanda ake da su, taubashinka ya riƙa taɓawa lokacin da babu mutane. Kai ka koya masa, kuma ka jure tsiyar da zai yi maka, haƙƙinsa ne na taubashi. Bayan nan ka zo da filashinka mai Mint, ka tayar da kwamfuta daga kansa ba tare da ka girka ba, su gani da idonsu cewa ana zare filashin komai ya koma yadda yake. Gani ya kori ji. A wannan gwajin ne za ka jarraba firinta da sikana, domin su ne ran shagon. Yawancin firintocin HP suna tashi ba wahala, wasu ƙananan Canon irin LBP2900 kuwa sai an sha fama da direbarsu, wato 'yar manhajar da ke haɗa firinta da kwamfuta. In firintarku ta ƙi, maganar ta tsaya a nan har ka samo mafita, kada ka matsa.

In komai ya tafi daidai, ka nemi kwamfuta ɗaya tak, waccan mai Windows 7 da kowa ya gaji da ita. Ka kwafe duk abin da ke cikinta a gaban taubashinka, ya duba ya tabbatar, sannan ka girka. Ta zama ita ce mai karɓar filashin mutane, ƙofar shago ke nan, sai abin da ta tace ya wuce ciki. Ku ba ta wata uku, ku riƙa rubuta ranakun da kowace kwamfuta ta tsaya da kuɗin da aka kashe mata. Kawu mutumin lissafi ne, littafin nan zai yi masa bayani da harshen da yake ji. Kuma kada ka tayar da wannan aiki a tsakiyar kakar riɗi ko lokacin rajistar ɗalibai, ba a fafe gora ranar tafiya. Wadda taubashinka ke Photoshop a kanta a bar masa ita, a cire ta daga intanet, a daina soka mata filashin waje. Ranar da Allah ya hore, ku sayi kwamfuta ɗaya ta hannu wadda ta zo da lasisin Windows 11 na gaskiya a jikinta, irin waɗanda kamfanoni ke sallamarwa, sai shagon ya zama Linux biyu, Windows ɗaya mai tsabta. A nan sauran manhajojin da aka fasa ma sai ku zauna ku duba wanne za a saya, wanne za a maye gurbinsa.

Mahaifiyarka da ta ce ka kama bakinka, ka fahimce ta. Mace ce da ta baro ɗakinta da kayanta a Khartoum, take zaune a gidan yayanta, kullum tana auna kada 'ya'yanta su zama nauyi. Ka gaya mata shirinka tun daga ba da haƙuri har zuwa ƙarshe, ka tabbatar mata ba za ka taɓa komai ba sai da izini. In ta ji haka hankalinta zai kwanta, wataƙila ma ita za ta fara yi maka shimfiɗa a wurin Kawu.

Yana iya yiwuwa ka yi duk wannan ya ce a'a. Shagonsa ne, jarinsa ne, sai ka ce to, ka ci gaba da aikinka da zuciya ɗaya, ka kawo taka laftof ɗin ta riƙa karɓar filashi in ya amince da wannan kaɗan ɗin. Iliminka kuma ba a shagon ya ƙare ba. Gadarif cike take da mutanen da suka gudo da tsofaffin laftof a jaka, da makarantu da ƙananan ofisoshi masu kwamfutocin da aka jingine don sun yi nauyi. Mai iya tayar da su, ya sa musu SSD ƙarami da Mint, ya kwafe kayan mutane kafin ya taɓa komai, ba zai rasa abin yi ba. Port Sudan kuwa ban hana ka ba in wata dama ta gaske ta kira ka, amma kada ka tafi yanzu. In ka tafi a wannan hali, har abada labarin da za a riƙa bayarwa a gidan shi ne ka ɓata ka gudu, mahaifiyarka kuma ita za ta zauna da shi.

Gobe ka nemi aron rumbun waje wanda ya kai girman na laftof ɗin ko ya fi, ka shirya filashinka da PhotoRec, ka fara tura wa 'yan uwa saƙon neman hotunan Kaka, Allah ya jiƙanta. In Kawu ya buɗe durowar, ka rubuto mini ka gaya mini rumbun mai juyawa ne ko SSD, da girmansa, sai mu bi aikin ceton tare mataki-mataki. Ka gaishe mini da mahaifiyarka.